Yadda ake gina hasashe mai tsayawa da ƙafarsa a kan Attack on Titan

Attack on Titan, wanda Japanawa ke kira Shingeki no Kyojin, labari ne na mutanen da suka kulle kansu a bayan ganuwa uku saboda tsoron samudawa masu cin naman mutane. Hajime Isayama ne ya zana shi a mujallar Bessatsu Shōnen ta kamfanin Kodansha, daga Satumban 2009 zuwa Afrilun 2021, babi 139 cikin littafi 34. Abin da ya sa ya fi sauran anime, wato finafinan zane na Japan, daɗin hasashe shi ne marubucin ba ya maguɗi. Yakan ajiye amsa a gaban idonka tun da wuri, wani lokaci kashi arba'in ko hamsin kafin ya buɗe ta. Wanda ya iya tara alamu zai riga labarin isa wurare da dama. Wanda kuwa yake bin son zuciyarsa, shaci-faɗi kawai zai yi ta yi har a gama.

Kafin ka kunna kashi na farko

Ka fara sanin girman aikin, domin an mayar da littafin anime mai zango huɗu. Zango na ɗaya ya fito a 2013 da kashi 25, na biyu a 2017 da kashi 12, na uku ya rabu biyu tsakanin 2018 da 2019 da kashi 22. Kamfanin Wit Studio ne ya yi waɗannan ukun. Daga nan MAPPA ya karɓa: kashi 16 daga Disamban 2020, wasu 12 a farkon 2022, sannan dogayen kashi biyu na rufewa a Maris da Nuwamban 2023. Jimilla kashi 87 ke nan da dogayen nan biyu. Kowane kashi kusan minti 24 ne, don haka kana maganar awa 37 ko kusa da haka. A wannan rubutu lambar kashi a jere take daga 1 zuwa 87, wato kashi na farko na zango na biyu shi ne na 26, na zango na uku 38, na zango na huɗu 60.

Akwai ƙananan labarai na gefe. Wanda ya zama dole ga mai hasashe shi ne na littafin Ilse, a kalle shi bayan kashi na 25 kafin a shiga na 26. Na tarihin Levi da na Annie da Mikasa suna ƙara armashi, amma ba a rasa komai idan an bar su sai bayan zango na biyu.

Babban abokin gabarka shi ne mai fasa ƙwai, wato mai faɗa maka abin da zai faru kafin ka gani. Kada ka rubuta sunan kowane ɗan wasa a Google ko YouTube, domin akwatin bincike da kansa yakan ƙarasa maka jimlar da kalmar da za ta ɓata maka labarin. Ka shiga saitin X ka toshe sunaye irin su Eren, Reiner, Zeke, Marley da Paradis. A TikTok, da ka ga hoton wasan ka danna masa alamar ba ka so, in ba haka ba zai yi ta turo maka na ƙarshen labari. Waƙar rufewa ta zango na biyu kuma ka tsallake ta a kallon farko idan kana son hasashenka ya zama naka na kanka, saboda zane-zanen da ke cikinta sun nuna abubuwan da sai can gaba sosai za a bayyana.

Ka kalla da muryar Japananci da fassara a rubuce a ƙasan allo. Dalili na aiki ne: waɗanda ke ɗora murya sukan sauya jimla don ta dace da motsin baki, kuma a wannan labarin kalma ɗaya takan zama hujja. Wani abu kuma, ganin zane ne kada ya sa a kunna wa ƙananan yara. Tun kashi na farko ana cinye uwa a gaban ɗanta.

Littafin da za ka riƙe

Ka samu littafin rubutu, ko ka buɗe wuri a wayarka, ka raba shi gida huɗu.

Gida na farko na dokoki ne, wato duk abin da labarin ya faɗa da bakinsa game da yadda duniyarsa ke aiki. A tsakiyar kowane kashi akwai allo biyu da ke fitowa na ƴan daƙiƙu ɗauke da bayani. Mutane da yawa sukan ɗauka hutu ne su miƙe shan ruwa. Ka tsayar da hoton ka karanta, ka kwafe. Daga nan da kuma bakin ƴan wasa za ka tara irin waɗannan: samudawa na gama-gari tsawonsu daga mita 3 zuwa 15 ne, ba sa mutuwa sai an sare musu ƙeya, wuri mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita goma, ba sa taɓa dabbobi, mutum kawai suke bi, ba sa narkar da abin da suka ci, in ciki ya cika amayarwa suke yi, jikinsu na da zafi, kuma bai kai nauyin da girmansa ya nuna ba, in babu hasken rana sukan yi laushi. Ganuwa kuwa tsayinta mita 50.

Gida na biyu na saɓani ne: duk lokacin da wani abu ya karya ɗaya daga cikin dokokin nan, ka rubuta lambar kashin da abin da ya faru. Nan ne hasashe ke tsirowa. Ruwa ba ya tsami banza a wannan labarin.

Gida na uku shi ne wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Shi ne mafi wahalar riƙewa, shi ne kuma ya fi kama maci amana.

Gida na huɗu na hasashen ne kansa, kuma yana da ƙa'ida. Kowane hasashe ka rubuta shi da lambar kashin da kake, da hujja aƙalla biyu daga gidajen farko, da abin da zai faru nan gaba in gaskiya ne, da abin da in ya faru zai rushe shi. "Ina jin wane mugu ne" ba hasashe ba ne, ji ne kawai. "In wane ne basamuden nan, to ba za a taɓa ganinsu su biyu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba" shi ne hasashe, domin ana iya gwada shi.

Wuraren tsayawa a yi rubutu su ne ƙarshen kashi na 13, 22, 25, 30, 37, 49, 55, 59, 75 da 87. In ka zarce ba tsayawa, labarin zai ba ka amsa kafin ka yi tambayar.

Daga nan zuwa ƙasa ƙwai za su fashe. Kowane sashe ya faɗi kashin da ya kamata ka kai kafin ka karanta shi.

Basamudiya, a duba ta a kusa: sai ka gama kashi na 25

Wannan ne darasin farko da labarin ke koya wa mai kallo, kuma duk kayan aikin suna hannunka tun kafin kashi na 23 ya tona asiri. A kashi na 8 da na 9 an riga an kafa sabuwar doka: mutum na iya zama basamude, yana zaune a cikin ƙeya yana sarrafa jikin. A kashi na 19 an ƙara mata sharaɗi. Eren ya yi ta cizon hannunsa a cikin rijiya bai rikiɗa ba, amma da ya miƙa hannu zai ɗauko cokalin da ya faɗi, sai hannun basamude ya fito. Ke nan rauni kaɗai bai isa ba, sai da manufa. Mai littafi zai rubuta nan take: in Eren zai iya, wasu ma za su iya, kuma mai tsawon mita 60 da ya fasa ƙofar Shiganshina a shekara ta 845, ya sake bayyana a Trost a 850 ya ɓace kamar walƙiya, ya fi kama da mutum mai shiri.

Sai kashi na 15. An kashe samudawa biyun da Hange ke gwaji a kansu, Sawney da Bean, cikin dare, da kayan shawagin sojoji. Erwin ya sunkuyo kusa da Eren ya tambaye shi wa yake gani a matsayin maƙiyi. Wannan tambaya ga mai kallo aka yi ta. Maƙiyin yana sanye da kaki.

Yanzu ka bi abin da ya faru a kashi na 17 da 18 a hankali, ka ma maimaita shi. Basamudiyar ta fito daga gefen dama na jerin rundunar. Ta kare ƙeyarta da hannu, abin da basamude na gama-gari bai sani ba. Ta ɗaga hular rigar Armin da yatsu, ta dubi fuskarsa, ta ƙyale shi. Wato wani take nema, kuma ta san wannan fuskar. Da Armin da Jean da Reiner suka haɗu, sai ta bayyana cewa takardun shirin da aka ba su sun saɓa a kan inda Eren yake: ta Jean ta ce hagu, ta Reiner ta ce dama. Ka koma gida na uku ka rubuta cewa maharin ya zo ta dama. Reiner ya tambayi Armin inda yake zaton Eren yake, Armin ya ce tsakiya ta baya. Can da Armin ya ɗaga murya ya ambaci laƙabin da ƴan ajinsu na horo na 104 kaɗai ke kiran Eren da shi, ta yi turus. Sannan ta cafke Reiner a tafin hannu, ya yanka ya fito, ta tsaya ta kalli tafin nata, ta juya ta nufi tsakiya.

A kallon farko kowa murna yake Reiner ya tsira. Mai littafi kuwa zai ga da walakin, goro a miya: mutum ɗaya ya ji inda Eren yake, ya shiga hannunta, da fitowarsa ta canza hanya. Labarin bai buɗe wannan ba sai zango na biyu, amma hujjar na nan tun 2013. Game da ko wace ce ita, tsayuwar dambenta da launin gashinta da siffar hancinta sun isa su kai ka ga Annie, sannan Armin ya ƙara da cewa kayan shawagin da ta gabatar lokacin bincike na Marco ne.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne dogaro da kamannin fuska kawai. A kan Annie ya yi aiki, sai mutane su mayar da shi doka, su yi ta haɗa duk mai farin gashi da basamude mai farin gashi. Kama hujja ce mai rauni. Sai ta haɗu da sani da kuma damar kasancewa a wurin kafin a ce biri ya yi kama da mutum.

Ganuwa da lissafinta: sai ka gama kashi na 37

Allon tsakiyar kashi ya ba da nisa: kilomita 100 daga ganuwar Maria zuwa Rose, 130 daga Rose zuwa Sina, 250 daga Sina zuwa tsakiya. Ka ɗauki biro. Daga tsakiya zuwa Maria kilomita 480 ne, zagayenta ya haura kilomita 3,000. In ka haɗa ukun, ana dab da kilomita 7,000 na gini mai tsayin mita 50. An kuma ce mutum 250,000 da aka tura ƙwato Maria a 846 kusan kashi 20 cikin ɗari ne na jama'a, wato duka mutanen ba su wuce miliyan ɗaya da kwata ba. Duk wanda ya san yadda ganuwar birni ɗaya tak ke cin hannu da shekaru ya san mutanen da ke gudun ceton rai ba su gina wannan da tubali ba. Allon kashi na 25 ma ya kawo labarin mai haƙar ma'adinai da ya yi rami a ƙarƙashin Sina, ya tarar ƙasan daidai yake da jikin ganuwar, daga baya ya ɓace. Saboda haka fuskar da ta leƙo daga cikin ganuwa a ƙarshen wannan kashi, lissafi ya riga ya yi nuni da ita. Da limamin ganuwa Nick ya roƙi a rufe ta kada rana ta taɓa ta, sai ka ƙara a gida na uku cewa akwai masu sani a cikin gari.

Zango na biyu gajere ne, amma shafin saɓani a nan yake cika. Samudawa sun bayyana cikin Rose, an zagaya ba a ga ɓaraka ba. A Ragako, ƙauyen su Connie, gidaje a rushe amma babu jini, dawakai na nan a barga, ga kuma wata basamudiya kwance a kan gidansu da ƙafafun da ba za su iya ɗaukarta ba, har ta yi masa barka da dawowa. In ba za ta iya tafiya ba, a nan ta samu kanta. Ba a buƙatar wani ya faɗa maka sauran. A hasumiyar Utgard samudawa sun kai hari da dare, doka ta sake karyewa, kuma sabon abu ɗaya da ya shigo fagen shi ne mai siffar goggon biri mai tsawon mita 17 da ya yi magana da Mike a kashi na 26. Ƙa'idar ita ce: in doka ta karye, ka nemi abin da ya shigo sabo kafin ka yanke cewa dokar ƙarya ce.

Gwangwanin kifin da Ymir ta karanta rubutunsa a Utgard ƙaramin abu ne, amma ya fi yaƙin daren nauyi. Rubutu ne da mutanen cikin ganuwa ba su sani ba, a jikin kayan masana'anta. Ga kuma basamuden labarin Ilse da ya rusuna yana ambaton sunan Ymir. Wanda ya rubuta a nan cewa akwai mutane masu ci gaba a waje, ya riga labarin da kusan kashi talatin.

Yadda aka tona asirin Reiner da Bertholdt a kashi na 31 shi ma darasi ne. A kan ganuwa, ana tafiya ana hira, kyamara na bin wasu, sai Reiner ya faɗi maganar daga can gefe kamar mai tambayar farashin goro. Da yawa sai da suka mayar da hoton baya. Tun daga nan ka daina amincewa da inda kyamara ta sa ka kallo, ka riƙa sauraron abin da ake faɗa a bayan fage.

A ƙarshen zangon, kashi na 37, Eren ya naushi tafin basamudiya mai murmushi, wadda ta ci mahaifiyarsa, sai sauran samudawa suka bi umarninsa. Bai iya maimaita wannan ba daga baya. Hasashe mai rauni zai ce fushi ne. Amma Eren kullum a fusace yake. Tambayar da ta dace ita ce mene ne ya bambanta wannan lokacin da sauran, kuma amsar ita ce taɓawar.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa: sai ka gama kashi na 59

Zango na uku yana biyan tsofaffin basussuka. Ɗamarar horon Eren da ta lalace a kashi na 3, sai a kashi na 48 aka gane Keith Shadis ne ya lalata ta da gangan. Mafarkin allura da makullin da Eren ya farka ya gani a wuyansa sun samu amsa a kashi na 43. A Shiganshina, Armin ya tarar da kofuna uku da ragowar wani baƙin abin sha da bai sani ba. Uku, alhali maƙiya biyu aka sani. Irin waɗannan ne dalilin da ya sa ba a goge abin da aka rubuta a gida na biyu ko da ya daɗe ba a waiwaye shi ba.

A kashi na 56 makullin bai buɗe ƙofar ɗakin ba, Levi ya ɓalle ta da ƙafa, ashe na aljihun tebur ne, mai ɓoyayyen ƙasa da littattafai uku da hoto. Abin da ya biyo baya yana rushe yawancin hasashen da aka gina a kan cewa ƴan ganuwa ne ragowar ƴan Adam. Idan naka na cikinsu, kada ka yi masa faci. Ka ja layi ka buɗe sabon shafin dokoki: samudawa masu hankali tara ne, wanda ya gaji ɗaya shekara 13 suka rage masa, jinin Eldiya ne kaɗai ke rikiɗa, ikon Basamuden Asali yana buƙatar jinin sarauta, tunanin magabata yana ratsawa zuwa magada. Da wannan za ka warware naushin kashi na 37 da kanka, domin mai murmushin nan ita ce Dina Fritz, ƴar gidan sarauta.

Dokar shekara 13 kayan lissafi ce mai kyau. Eren ya gada a 845, don haka a 854, lokacin da zango na huɗu ya buɗe, huɗu suka rage masa. Zeke kuwa kusan ɗaya. Duk hasashen da ya ba su shekara ashirin na shiri ya mutu tun a takarda, kuma gaggawar da za ka gani a wajensu daga nan take.

Akwai abu biyu a kashi na 58 da 59 da ya kamata a ja musu layi biyu. Kruger, shekaru kafin a haifi Mikasa da Armin, ya ambaci sunayensu, sannan ya ce bai san tunanin wane ne ba. Sabuwar dokar ta ce tunani daga baya yake zuwa, ga shi ya zo daga gaba. Sai kuma fuskar Eren lokacin da ya sumbaci hannun Historia, wata taɓawar da jinin sarauta. Ka haɗa da sunan kashi na farko, wanda ma'anarsa saƙo ne zuwa ga wani bayan shekara 2000, da hawayen da Eren ya farka da su a ƙarƙashin bishiya. Kashi na 79 da na 80 ne suka biya wannan, har sunan na 80 amsa ce ga sunan na farko. A nan ne kuma za ka gane amfanin Japanancin: Shingeki no Kyojin sunan basamuden Eren ne, mai farmaki, abin da sunan Turancin ya lulluɓe tsawon shekaru.

Ga wani abin lura ga mai kallo daga nahiyarmu. In ka juya taswirar duniyar labarin kai ƙasa, babban yankin Marley siffar Afirka ce, tsibirin Paradis kuma na zaune inda Madagaska take. Sunan Onyankopon, matuƙin jirgin da ya shigo a zango na huɗu, kalma ce da Akan na Gana ke kiran Ubangiji da ita, duk mazaunin Kumasi ya san ta. Daɗin sani ne, amma kada ka ɗora hasashe a kai. Taswira da sunaye ado ne a nan, ba su taɓa sauya inda labarin ya dosa ba.

Inda hasashe ke mutuwa: sai ka gama duka

Hasashe uku sun yi tashe kafin a kammala, kuma kowanne ya faɗi ta hanyarsa. Na farko shi ne cewa Eren ne uban cikin Historia. An gina shi a kan kallon ido da wata ganawa da aka nuna gutsure-gutsure, alhali labarin ya nuna manomin tun farko. Masu shi sun ɗauki rashin bayani a matsayin ɓoyewa. Wani lokaci marubuci yakan yi shiru ne don abin bai dame shi ba.

Na biyu shi ne cewa duniya na maimaita kanta, Eren na mutuwa yana sake farawa. Yana da tushe, domin a babin farko na littafin akwai wata mai gajeren gashi da ke yi wa Eren sallama a mafarki, kuma sai babi na 138 aka koma kanta. Amma dokar tunanin da ke zuwa daga gaba ta riga ta bayyana wannan ba tare da an ƙirƙiro sabuwar doka ba. In bayani biyu sun yi takara, ka riƙe wanda bai buƙaci ka ƙara wa labarin abin da bai faɗa ba.

Na uku ya taso bayan babi na 139 ya raba kan masu karatu a 2021: wai anime zai zo da ƙarshe na daban. An tara hujjoji daga baitin waƙoƙi da launin tufafi da tsuntsayen da ke giftawa. Da Nuwamban 2023 ya zo, an gyara wasu kalaman da ke tsakanin Eren da Armin, amma ƙarshen bai sauya ba: rugugin samudawan ganuwa ya hallaka kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya, Mikasa ce kuma ta kawo ƙarshen Eren. Ciwon wannan hasashe shi ne ba shi da abin da zai rushe shi. Duk kashin da ya bi littafi sai a ce ai na gaba ne zai kauce. In ka ga naka ya koma haka, fata kake yi.

Akwai kuma haɗa littafi da anime ba tare da lura ba. Rabin farko na zango na uku an taƙaita shi, an sauya jerin wasu abubuwa. In kana musu da wani, ku fara daidaita wanne kuke magana a kai. Ko jinsin Hange ma, Isayama ya bar shi a buɗe a littafi. Hausa ce ke tilasta mana zaɓar "ta" ko "ya".

Martani da musu

Martani daban, hasashe daban, kuma gara a rubuta su a shafi daban. Da kashi ya ƙare, ka ba kanka minti biyar ka rubuta abin da ka ji kafin ka saurari kowa, domin da ka ji ra'ayin mutum uku naka ya gauraya. Wannan yana da amfani musamman a kashi na 55, inda Levi ya zaɓi wanda za a yi wa allura tsakanin Erwin da Armin, da na 67, inda Gabi ta harbe Sasha. A na 55, in za a yi musu na adalci, a tsaya a kan abin da Levi ya sani a kan rufin nan, kada a jawo abin da ya faru bayan shekara huɗu. A na 67 kuwa, ka ajiye abin da ka rubuta a kan Gabi, ka sake karantawa bayan kashi na 87, ka kwatanta da abin da ka rubuta a kan Eren yana yaro a kashi na 2. An gina su biyun ne a matsayin madubin juna, kuma yawancin masu kallo sukan yafe wa ɗaya abin da suka tsine wa ɗayan a kai.

In kallon taro ake yi, wanda ya riga ya gani ya zauna a baya, inda ba a ganin fuskarsa. Murmushi ɗaya a lokacin da Reiner ya bayyana ya isa ya fasa ƙwan. Kada ya amsa "e" ko "a'a" ga kowane hasashe, kada kuma ya ce "ku lura da nan", domin wannan ma fasawa ce. A cikin rukunin WhatsApp, kowa ya fara saƙonsa da lambar kashin da ya kai, a kuma hana tura hotuna da sitika na wasan, saboda yawancinsu daga zango na huɗu aka yanko su, kuma tsawon gashin Eren kaɗai labari ne. Mai son ɗaukar bidiyon martaninsa ya ɗora a YouTube ya sani cewa sanya cikakken kashi da sautinsa yana jawo a sauke bidiyon saboda haƙƙin mallaka. Abin da aka saba yi shi ne a nuna fuska da agogon da ke ƙirga mintin da ake, mai kallo ya kunna nasa kashin a gefe ya daidaita, a rubuta lambar kashin a take ba tare da sunan wanda ya mutu a ciki ba.